Yadda ake sa rubutu ya bi lanƙwasa ko ya zagaya da'ira a After Effects, mataki-mataki

Assalamu alaikum. Tun da na ɗora ɗan bidiyon nan na bikin ƙanin abokina, wanda sunan ango da na amarya ke zagaya hotonsu kamar hatimi, saƙo bai daina shigo min ba, wasu daga Gaya wasu daga Dutse, har da wani yaro ɗan Birnin Kudu da ya kira ni sau uku, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce wai a ina na sauke shi. Toh ba saukewa na yi ba, da hannu ake yinsa, kuma wallahi ba wani abu bane mai wahala in dai ka bi shi a jere. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su sa mataki na uku kafin na biyu. Ni a gefen Wudil nake da ɗan shagona, laftof ɗaya da ƙaramin janareta, don haka duk abin da zan faɗa a kan irin kayan da muke da su ne a nan. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke a fuskar kwamfuta don kar ka yi ta lalube.

Abin da za ka tanada

After Effects ɗin kansa, wato manhajar kwamfutar da ake sa wa rubutu da hoto motsi da ita, ba kyauta bane, Adobe haya suke bayarwa wata-wata da dala, dala ashirin da 'yan kai, suna kuma ba da kwana 7 na gwaji. Wanda ake zuba wa mutane a filasha a kasuwa ni ban ba ka shawararsa ba, na ga laftof fiye da ɗaya da ya lalace ta nan da aikin mutane a ciki. In aljihu bai kai ba akwai DaVinci Resolve, yana da na kyauta, kuma Text+ ɗinsa yana iya bin da'ira da hanyar da ka zana, sai dai maɓallansa daban ne da waɗanda zan ambata. Masu waya kuma CapCut yana lanƙwasa rubutu kamar baka, amma wannan ba ɗaya yake da ka zana taka hanyar rubutu ya bi ta yana tafiya ba.

Laftof, sababbin fitowar After Effects RAM 16 GB suke nema mafi ƙaranci. Mai 8 yana jan tsofaffin fitowa da haƙuri, rubutu ba shi da nauyi sosai. In za ka shiga Kano, Beirut Road ko Farm Centre, ka fara kashe kuɗinka a ƙarin RAM da SSD kafin komai. Sannan linzami, wato maus, ko mai arha ne ka saya, don zana lanƙwasa da ɗan yatsa a kan faifan laftof azaba ce kuma ba zai fito da kyau ba.

Sai wuta. Ni ka'idata ita ce duk aikin zane da gyara ina yinsa a batir ko a sola da rana, sai na zo fitar da bidiyo nake tada janareta. In za ka yi wa mutum kuɗi ka lissafa man da za ka ƙona har da na gyara sau ɗaya, don da wuya mai biki ya karɓa bai ce a canza wani abu ba.

1. Buɗe filin aiki

Danna Ctrl+N. In bidiyon na talabijin ne ko majigi a wajen walima ka sa faɗi 1920 tsayi 1080. In na status ne ko TikTok ka juya shi, 1080 da 1920. Frame Rate 25, Duration daƙiƙa 10 ta isa. Kafin ka taɓa komai danna Ctrl+S ka ba aikin suna, sannan ka shiga Edit, Preferences, ka nemi Auto-Save, mai adana aiki da kansa, ka rage shi daga minti 20 zuwa 5.

Hattara: ka tambayi mai aikin a ina za a kalla tun yanzu. In ka gama komai a kwance sannan ya ce ai status zai saka, hanyar da ka zana sai ka sake ta.

2. Rubuta kalmomin, ka tabbatar da salon rubutun

Ctrl+T, danna tsakiyar fili, rubuta abin da kake so, misali "Barka da zuwa manyan baƙi". A Paragraph ka zaɓi daidaitawar tsakiya. Girma kamar 70 zuwa 90 don farawa, za mu gyara daga baya.

A nan zan ɗan tsaya saboda abin ya taɓa faruwa da ni kuma har yau yana damuna. Yawancin salon rubutun nan masu ado da muke so, ba su da haruffanmu masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ ƴ. Ko dai wajen ya fito akwati, ko harafin ya fito da wani salo daban kamar baƙo a cikin 'yan gida. Shekarun baya na yi wa wani dattijo aikin walimar 'yarsa, salon da na zaɓa ba shi da ƙ, dare ya yi man janareta ya kusa ƙarewa sai kawai na sa k na wuce. Washegari ya zo shago da kansa da wayar a hannu, ya nuna min wajen da ɗan yatsa ya ce, "Ɗana, baƙi na ce maka, waɗannan surukaina ne da malamaina, dubi abin da ka kira su." Na duba na ga manyan baki yana zagaya hoton 'yarsa a hankali da ruwan gwal. Na ce "Ka yi haƙuri Baba, yanzu zan gyara," na sake shi ban karɓi ko sisi ba, amma an riga an tura wa mutane na farkon.

Saboda haka kafin ka so salo, fara rubuta masa ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ka gani. Noto Sans da Noto Serif suna da su, Andika da Charis SIL ma haka, duk kyauta ne. Windows yana da allon rubutun Hausa da za ka ƙara a wajen harsuna, in kuma ba ka son wannan ka rubuta a waya da Gboard ka turo wa kanka ka kwafa. Kuma ka zaɓi mai kauri, siririn rubutu in ya lanƙwashe yana motsi WhatsApp ya matse shi ba ya karantuwa.

3. Zana hanyar a jikin rubutun

Wannan shi ne matakin da kusan duk wanda ya turo min hoton matsalarsa ya faɗi a kai. Dole leyar rubutun, wato Layer ɗin da rubutun yake kai, ta zama a zaɓe, ka danna sunanta a ƙasa ka ga ta yi haske, sannan ka ɗauki abin zane. In tana zaɓe, abin da ka zana zai zama Mask a jikinta, shi muke so. In ba ta zaɓe, After Effects zai buɗe maka sabuwar Shape Layer, kuma wannan ko ka kwana kana nema ba za ka gan ta a mataki na 4 ba. Da ka ga Shape Layer 1 ta fito a ƙasa ka danna Ctrl+Z ka sake.

In lanƙwasa kake so kamar tafiyar maciji ko kamar bakan gizo, danna G ka ɗauki Pen. Fara daga hagu ka nufi dama, yadda ake karatun boko, in ka fara daga dama rubutun zai kife. Duk inda za ka sa ɗigo kar ka danna ka saki, danna ka riƙe ka ja, sai ka ga hannaye biyu sun fito, su ne ke lanƙwasa layin. Ɗigo uku ko huɗu sun ishe ka. Na san hannu yana ƙaiƙayin a yi ta ɗigawa, amma kowane ƙarin ɗigo gargada ce, rubutun zai riƙa tuntuɓe a kansa kamar mashin a hanyar ƙauye bayan damina. Ka fara layin daga wajen fili ka ƙare shi a waje, don rubutun ya sami inda zai shigo da inda zai fita. Da ka gama danna V.

In da'ira ce, danna Q har sai Ellipse ya fito, kai linzami tsakiyar hoton, fara ja sannan ka riƙe Shift da Ctrl tare. Shift yana hana ta zama ƙwai, Ctrl yana sa ta buɗe daga tsakiya.

Hattara: da ka zana da'ira wani lokacin rubutun zai ɓace ko ya gutsure, kar ka tsorata. Danna M, a gaban Mask 1 za ka ga Add, mayar da shi None. Muddin rufaffiyar hanya ce ka tabbata tana kan None.

4. Ɗora rubutun a kan hanya

Buɗe 'yar kibiyar da ke gefen leyar, buɗe Text, buɗe Path Options. A gaban Path akwai None, canza shi zuwa Mask 1. Nan take rubutun zai yi tsalle ya hau layin. Shikenan matakin, in ba ka ga Mask 1 a ciki ba koma na 3.

5. Gyara zamansa kafin ka motsa shi

Abubuwa biyar ne za su fito a ƙarƙashi. Reverse Path yana juya rubutun, a da'ira sau da yawa yakan faɗa ciki, ka kunna wannan ya fito waje. Perpendicular To Path ka bar shi a kunne, shi ke sa kowane harafi ya karkata da layin, in ka kashe za su tsaya ƙyam kamar masu hawa tsani. Force Alignment yana baza haruffa daga farkon layi zuwa ƙarshe. Sai First Margin da Last Margin, su ne ke tura rubutun gaba ko baya.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan, mutum ya yi ta jan lamba rubutu ya ƙi motsi ya ce kwamfutarsa ce. In Force Alignment a kashe yake, rubutun da aka daidaita hagu First Margin kawai yake ji, wanda aka daidaita dama kuma Last Margin kawai. Shi yasa na ce ka sa tsakiya tun farko, ka riƙe First Margin ka manta da ɗayan.

Yanzu kalli haruffan da kyau a inda layin ya fi lanƙwasa. A wajen baka sukan ware kamar haƙoran tsoho, a cikin kwari kuma kawunansu su haɗe suna cin juna. Maganin na biyun shi ne ka ƙara tazara a Character, wajen nan mai VA da kibiya a ƙasa, sa 30 ko 50 ka gani. In bai yi ba to lanƙwasar ce ta yi tsanani, danna V ka taɓa ɗigon ka ja hannayensa ka sassauta, ko ka rage girman rubutun. In layin ya ɓace maka daga gani danna Ctrl+Shift+H. Layin nan ba ya fitowa a bidiyo, kai kaɗai ke ganinsa.

Mai son irin na hatimi, suna a sama kwanan wata a ƙasa, kar ya rubuta su a leya ɗaya don na ƙasan zai kife sai mutum ya juya waya. Danna Ctrl+D ka sami ta biyu, canza kalmomin, juya Reverse Path ɗinta saɓanin ta farko, ja First Margin har ta sauko ƙasa. Za ka ga ta shige cikin da'irar ba ta yi layi da ta sama ba, sai ka je Character ka sa wa Baseline Shift lamba mai alamar ragi har su daidaita.

6. Sa masa motsi

Ni daga ƙarshe nake farawa, kuma ina ganin ya fi. Kai allurar lokaci, wato layin tsayen nan da ke nuna inda kake a bidiyon, daƙiƙa 2, ja First Margin har rubutun ya zauna daidai inda kake so a karanta shi, sannan danna ɗan agogon da ke gefen First Margin, kifirem zai fito, wato 'yar alamar da ke riƙe lambar a wannan lokacin. Dawo da allurar farko, ja lambar baya har rubutun ya fice daga fili. Danna sandar tazara ka kalla. Amfanin haka shi ne mazauninsa na ƙarshe ba zai taɓa gocewa ba, shi ne kuma abin da mai aiki zai kalla.

Zai shigo ya tsaya cak kamar an taka birki. Zaɓi kifirem ɗin biyu ka danna F9, a wasu laftof sai ka haɗa da Fn. In kana so ya fi haka laushi danna Shift+F3, kama hannun kifirem na ƙarshe ka ja shi hagu, sai ya shigo da gudu ya zauna a hankali. Kunna Motion Blur a leyar da kuma babban maɓallinsa na sama.

Dan Allah ka bar rubutun ya tsaya. Wannan ne abin da na fi gani a aikin yaranmu, suna ya shigo yana wulwulawa ya fita ba wanda ya karanta, alhali mutumin nan don a ga sunansa ya biya. Ka tuna wa zai kalla, gwaggon amarya ce a tsakar gida da ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, mata biyar sun leƙo ta kafaɗarta, wata ma a hankali take haɗa baƙi. Ni nakan karanta rubutun da baki sau biyu ba gaggawa, iya lokacin da ya ɗauke ni shi ne tsayuwarsa. In kana so ya fita bayan nan, kwafi kifirem na biyu ka liƙa a inda tsayuwar ta ƙare, sannan ka ƙara gaba da daƙiƙa ɗaya ka ja lambar har ya fice ta ɗaya gefen.

Hattara: bayan ka kunna agogo, duk inda allura take in ka taɓa lambar sabon kifirem zai fito. In motsi ya fara yi maka gaba da baya danna U ka ƙirga su, za ka tarar da wanda ba ka san ka sa ba. Kuma kar ka sake danna agogon, yana goge su duka. In laftof na ja da ƙyar mayar da Full zuwa Half ko Quarter a ƙasan fili, wannan kallo kawai yake ragewa.

7. Zagayen da ba ya tsayawa

Don tambarin shago ko na ƙungiyar manoma da zai zauna a kusurwa yana juyawa, hanya mafi sauri ita ce ka riƙe Alt ka danna agogon First Margin ka rubuta time*100, zai riƙa tafiyar fiksel 100 duk daƙiƙa. Ya yi sauri ka mayar 60.

Amma in so kake ƙarshen bidiyon ya haɗe da farkonsa ba a ga tsalle ba, sai ɗan lissafi. Danna M, danna Shape da ke gaban Mask Path, ka cire lambar Left daga ta Right, faɗin da'irar kenan. Ninka shi da 3.1416. Da'ira mai faɗin 600 kewayenta 1885. Sa kifirem a farko, a ƙarshe ka ƙara 1885 a kan lambar farkon, zagaye ɗaya cif. Wannan kar ka sa masa F9, in ka sa zai riƙa lafawa duk zagaye.

In ka kunna Force Alignment don rubutun ya cika da'irar, harafin farko da na ƙarshe za su hau kan juna, kuma in ka motsa First Margin shi kaɗai rubutun matsewa zai yi maimakon juyawa. Riƙe Alt ka danna agogon Last Margin ka rubuta text.pathOption.firstMargin - 40, sai su tafi tare da 'yar tazara a tsakani, 40 ɗin ka ƙara ko ka rage yadda ido ya ba ka.

8. In Larabci ne ko Ajami

Lokacin saukar Alƙur'ani a Islamiyyu ana yawan kawo wannan. Sababbin fitowa suna karɓar Larabci kai tsaye, sai dai ka zaɓi dama zuwa hagu a Paragraph. A tsofaffi sai ka shiga Preferences, Type, ka zaɓi South Asian and Middle Eastern sannan ka buɗe sabuwar leya, in ba haka ba haruffan za su fito a warwatse kuma a juye. Kar ka ƙara masa tazara, kar ka kunna Force Alignment, haruffan a haɗe suke za su tsinke. Lanƙwasar ma ta zama mai sauƙi sosai. Ni aya ko Bismillah ba na sa su zagaya da'ira su kife ƙasa, baka ɗaya nake yi musu a sama su bayyana su tsaya, kuma kafin na fitar sai na kai wa malamin makarantar ya duba da idonsa.

9. Fitar da bidiyon

Kai allura farko danna B, kai ta ƙarshe danna N, don kar ka ƙona mai a kan wajen da ba komai. Ctrl+M. A Output Module zaɓi H.264, daga fitowar 2023 yana nan ciki, masu tsoho sai sun bi ta Media Encoder. In rubutun kaɗai kake so ka ɗora a kan bidiyon biki a manhajar gyaran bidiyo ta Premiere, zaɓi QuickTime, Apple ProRes 4444, a Channels ka sa RGB + Alpha, in ka manta wannan baƙin bango zai biyo shi ya rufe hoton.

Kafin ka danna Render ɗauki hoton fuskar kwamfutar ka tura wa mai aikin ya karanta sunaye da kwanan wata ya amsa maka a rubuce, musamman irin su Hassan da Hasan, A'isha da Aisha, kowa da yadda yake rubuta nasa. Bayan ya fito tura wa ƙaramar wayarka ka kalla a waje cikin rana. In za ka ba shi ta WhatsApp tura a matsayin Document don kar ya matse, in yana kusa kuma ya zo da waya ku yi ta Xender ko kebul. Fayil ɗin aikin da salon rubutun da ka yi amfani da shi ka ajiye su a jaka ɗaya da sunan mai aikin, in ƙanwar amarya ta tashi aure suna da kwanan wata kawai za ka canza, hanyar da motsin suna nan yadda ka bar su.